Shirun Gwadabe Mai Wanki

Gwadabe mai wanki ya fara zagina a watan Maris na shekarar 1974, bai kuma daina ba sai da ya bar Kaura Namoda. Lokacin ina sabon akawu a siton reluwe, na zo daga Zariya da akwati ɗaya da fararen riguna huɗu. Aka ce mini in ina son wanki in nemi wani mutumin Banga da ke bayan tasha. Na kai masa kayana tare da takarda, na jera komai a rubuce kamar yadda aka koya mana a makarantar mishan: riga huɗu, wando biyu, singileti uku. Ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"Akawu, wagga ita ma wanke ta za a yi?"

Na ce don kada wani abu ya ɓace ne.

"To ɓarawo anka ce maka ni na? Kwashe tsummokaranka. Wa zai saci rigar da ko gwiwa ba ta kai ba?"

Ban kwashe ba, don babu wani mai wanki a kusa. Bayan kwana uku ya ba ni kayana. A makaranta Asabar ce ranar wanki, Litinin kuma a jera mu a duba wuyan riga ɗaya bayan ɗaya, saboda haka na san farin kaya in na gan shi. Ban taɓa ganin aiki irin wanda ya fito daga hannun Gwadabe ba. Shi ya sa na yi shekara arba'in da takwas ina kai masa wanki ina shan baƙar magana. Ba na sonsa, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ba ya sona ba. Na faɗi haka tun da wuri don kada mai karatu ya zaci yabon aboki na zo yi.

Gajere ne mai kaurin damtse, tafin hannunsa ya yi fari ya tsattsage saboda soda. A Banga aka haife shi, amma bai gaji gona ba. Yayyensa suka raba ta a tsakaninsu, shi kuwa ya shigo Kaura da buta da tabarma. Da farko a bakin Gulbin Gagare yake wanki. Daga baya ya dawo gindin wata tsamiya bayan tasha, inda akwai rijiya, ya kafa faffaɗan dutse, ya ɗaura igiyoyi bakwai. Fari daban yake wankewa, mai launi daban. Ya jiƙa, ya cuɗa, ya buga a dutse, ya ɗauraye sau uku, na ukun da ruwan da ya jawo daga rijiya a lokacin, domin kayan salla ne. Bula kaɗan yake sawa. Sitatin rogo da kansa yake damawa. Bai taɓa sa wa riga alama ba, bai kuma taɓa ba wani rigar wani ba.

Bakinsa ne masifar. Yakan karanta zaman mutum a jikin rigarsa, ya kuma karanta da ƙarfi a gaban jama'a. Sai ya ɗaga kaftani ya ce, "Wanga ya ci tsire jiya, iyalinshi sun kwana da miyar kuka." Ya taɓa ce wa wani mai duba tikiti ya daina share majina da hannun riga, alhali surukin mutumin yana tsaye a wurin. Mutane suna jurewa ne kawai don ba su da inda za su.

A wancan zamani Kaura gari ne mai agogo. Nan dogo ya ƙare, nan ake lodin gyaɗa da auduga, jirgi ya yi kuka kowa ya san ƙarfe nawa. Ma'aikatan reluwe muna da kakinmu da fararenmu, kuma ba a shiga ofis da riga a yamutse. Da jirgi ya ja baya, ma'aikata suka watse, sai masu kawo wa Gwadabe wanki suka zama 'yan kasuwar hatsi da direbobin da ke bin hanyar Shinkafi da Zurmi. Matarsa Zulaihat ta rasu, 'yarsa ɗaya, Bara'atu, ta yi aure a Banga. Ba gona, ba dabba in ban da kaji biyar ko shida. Igiyoyin nan bakwai su ne abincinsa, kuma kusan rabinsu kayan gidan mutum ɗaya ne, Alhaji Bilyaminu mai hatsi, wanda ya yi shekara talatin yana kawo nasa da na ƙannensa da na dillalansa.

A watan Maris na 2022 Armiya'u ya zo. Direba ne da ya haura arba'in, ya yi shekara ashirin yana jan mota tsakanin Kaura da Shinkafi. Da 'yan bindiga suka dami hanya, aka tare shi sau biyu, matarsa Rashida ta ce ko motar ko ita. Ya sayar da motar, ya tafi Gusau ya dawo da injin wanki biyu da janareta. A duk shagunan Kaura kuma bai samu ba sai wanda ke kallon tsamiyar Gwadabe, titi kaɗai ya raba su. Ina zaune a kan benci ina jiran kayana ranar da ya ƙetaro gaisuwa.

"Baba Gwadabe, na zo gaishe ka. Maƙwabta munka zama."

"Maƙwabciyata rijiya ta. Kai wane na?"

"Armiya'u na, Baba, na gidan Malam Auwal. Ka sha wanke mini kaya."

"Awo, mai baƙin mai a gwiwa. Kai ma wanki za ka yi? Da mi, da sitiyari?"

"Da inji, Baba."

"To Allah shi jiƙan rigunan Kaura."

Injinan irin masu baho biyu ne. A baho ɗaya ake wanki, da wani faifai a ƙasa da ke juya ruwa da kaya. Ɗayan kuma shi ke matsewa. Ni ban so su ba, har yau ban so su ba. Ƙarar janareta ta hana mu jin juna a gindin tsamiya. Amma mutum ya kai kaya da safe ya karɓa da la'asar, ba kwana uku ba, kuma Armiya'u ba ya gaya wa kowa abin da ya ci jiya. Direbobi suka fara komawa can, abokan aikinsa na dā. Sai ƙananan 'yan kasuwa. Kafin tsakiyar azumi igiyoyin Gwadabe uku sun zama na tsuntsaye.

Sai dai Armiya'u bai iya wanki ba ko kaɗan, kuma Gwadabe yana ganin kowane kuskure daga inda yake. Makon farko ya riƙa zuba omo kamar mai zuba gari a tukunya, kumfa ta cika baho ta malalo har titi, shadda mai duhu ta bushe da zane-zanen fari a jikinta.

"Direba!" in ji Gwadabe daga ƙetare. "Kunu kaka damawa? Rabin wanga omon ya isa wanke Kaura duka! Ka ɗauraye, wawa, sabulu na ya bushe ga riga!"

Washegari Armiya'u ya rage omo, ya ƙara ɗauraya. Zane-zanen farin suka ɓace.

Mako na biyu ya haɗa jan zanen wata mata da fararen jamfofin direbobi uku, suka fito kamar an tsoma su a zoɓo.

"Kai jama'a ku zo ku ga amare! Ko jaki ya san ba a gama ja da hwari!"

Armiya'u ya sayi kwanduna biyu, ya fara warewa. Daga nan sai bahon matsa ya riƙa bugun jikinsa yana tafiya da kansa a tsakiyar shago, don yakan danna kaya a ciki har murfi ya ƙi rufuwa.

"Lodin Shinkafi kaka yi? Saura ka ɗora akuya bisa!"

Ya rage lodi, ya koyi shimfiɗa kaya daidai a kewayen baho. Da fararen kaya suka fara yin ja-ja saboda laka da yashin ruwan 'yan garuwa, Gwadabe ya yi masa ihu cewa mai hankali yakan bar ruwa ya kwanta kafin ya ɗiba. Armiya'u ya sayo manyan durom biyu shuɗɗa, ya ajiye su bayan shago, yana cika su tun yau don gobe.

Duk muna ganin abin da ke faruwa, in ban da Gwadabe. Armiya'u ne da bakinsa ya farkar da shi. Bayan ƙaramar salla ya ƙetaro da ƙwaryar goro, fuskarsa a sake.

"Baba, Allah shi saka da alheri. Wallahi duk abin da na iya ga wanga aiki, ga bakinka na ji shi."

Ban san ko da zuciya ɗaya ya faɗa ko da tsokana ba. Gwadabe ya tsaya da dutsen guga a hannu har gawayi ya fara zubowa. Bai karɓi goron ba. A makon nan kuma Alhaji Bilyaminu ya aika ƙunshin gidansa zuwa shagon inji. Tun daga ranar Gwadabe bai sake jefa kalma ɗaya ƙetaren titi ba. Ya juya bencinsa ya ba shagon baya. Igiya biyu suka rage masa, ya rame, har kajinsa ya fara sayarwa.

Ruwan sama ya sauka a farkon Yuni, gari ya yi laima. Armiya'u yana ji da injinansa fiye da yadda ya ji da motarsa. Da ya tashi aiki sai ya rufe murafensu, ya lulluɓe su da tampol, ya ɗaure da igiya. Ba a jima ba kayan da ke fitowa daga shagon suka fara wani ɗan tsami. Ya koma ƙara omo, bai yi ba. Ya fesa turare, sai abin ya zama tsami mai turare. In rigar tana bushe ba a ji sosai, amma da mai ita ya yi gumi sai warin ya tashi.

Ranar Juma'a sha bakwai ga Yuni aka yi zafi mai tsanani. Abin da aka gaya mini shi ne, a sahun masallaci mutumin da ke dama da Alhaji Bilyaminu ya ja jikinsa, na hagu ma ya ja. Da aka fito, Murtala mai shayi, wanda teburinsa ke bakin tasha kuma bakinsa ba ya hutawa, ya ce shi fa ya san warin nan, warin burukutu ne. Kafin magariba maganar ta kewaye unguwa. A Zamfara wannan ba abin wasa ba ne. Alhaji mutum ne mai jin kansa, kuma bai tsaya bincike ba. Don ya wanke sunansa sai ya ce daga shagon Armiya'u warin ya fito, a tambaye shi abin da yake jiƙawa a shuɗɗan durom ɗin nan na baya. Wasu da suka shinshina nasu kayan suka ce lalle haka ne.

Da safiyar Asabar Alhaji da kansa ya zo gindin tsamiya, mota cike da kaya. Ina wurin.

"Baba Gwadabe, mun yi kuskure. Ga kaya nan, ka fid da muna wagga ƙazanta."

Gwadabe ya kwance ƙunshi ɗaya. Ya zaro babbar riga fara, ya kai hanci. Ya sa hannu a aljihun ƙirji, mai zurfin nan, ya juyo shi waje, ya tsinci wani abu ƙarami a ɗinkin ƙasa, ya murza shi tsakanin yatsu. Ya waiwaya ya dubi shagon, karo na farko cikin mako shida, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi ba sauti. Ya jefa wa kaza abin.

Da Alhaji ya tafi na ce, "Me ka gani?"

"Akawu, kayanka sai jibi. Tashi ka ba mutane wuri."

Kafin Litinin igiyoyi bakwai sun cika, har ya ƙara ta takwas. Ya dawo da zaginsa, muryarsa ta buɗe, ya sayi sabon gawayi buhu guda. A ƙetare kuwa janareta ya yi shiru. Mai unguwa Namadi ya zo da mutane suka leƙa durom, ba su ga komai ba sai ruwa. Amma warin yana cikin shagon, kowa ya ji, sai aka ce ai ya ɓoye ne kafin a zo. Wani ya yi rubutu da gawayi a ƙofarsa. Rashida ta daina fita ko gidan suna.

Ran Talata Armiya'u ya zo gidana da ɗan littafin da ya zo tare da injin, wanda ke cikin Turanci, ya roƙe ni in karanta masa. Na karanta daga farko har ƙarshe, ina fassarawa. An ce a wanke 'yar ragar da ke tare zare da datti. Ya ce kullum yana wankewa. An ce a duba aljihu kafin a sa kaya, saboda makulli da sauran ƙarafa. Ya ce babu rigar da ba ya shafa aljihunta. Muka wuce wurin, ni da shi, ba wanda ya tsaya. Na rufe littafin ban amfane shi da komai ba.

Ran Laraba ya ƙetara titi, ya durƙusa a gaban teburin guga.

"Baba, don girman Allah. Kai ka san wanki. In ka san mi na wanga wari, ka gaya mini. Iyalina ba su iya hita."

Gwadabe ya guntsi ruwa ya fesa wa shaddar da ke gabansa, ya ɗora dutse. Ya gama hannu ɗaya, ya juya, ya gama ɗayan. Ya ninke. Ya ɗauko wata. Armiya'u ya yi kusan minti goma a durƙushe, sannan ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya koma. Na ga abubuwa marasa kyau a wurin Gwadabe, amma wannan ya fi.

Mai unguwa ya sa Litinin ashirin da bakwai ga wata don a yanke magana. Wajen ƙarfe goma na safe mutane suka taru a ƙofar shagon, sun kai hamsin. Armiya'u ya rantse har muryarsa ta dushe. Murtala mai shayi yana gaba yana bayani, wai shi hancinsa ba ya ƙarya. Alhaji ya ce shi dai ba zai zauna unguwa ɗaya da wanda ya jawo masa wannan abin kunya ba. Mai unguwa mutum ne mai son a rabu lafiya, kuma ya ga inda jama'a suka karkata. Ya ce tun da ga wari kuma mai shago ya kasa faɗin inda ya fito, to ya kwashe kayansa kafin la'asar, ya nemi wata unguwa.

Gwadabe yana can ƙetare yana shanya, ya ba mu baya. Da an watse a haka, shi ke nan, aikinsa ya dawo masa har ƙarshen ransa. Sai Alhaji ya so ya ƙara wa maganarsa nauyi. Ya ɗaga murya.

"Ga Baba Gwadabe can, shi ya wanke kayan da hannunshi. Baba! Gaya musu. Ba warin giya kaj ji ba?"

Kowa ya juya. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Da ya ɗaga kafaɗa, ko ya ci gaba da shanyarsa kamar bai ji ba, ya isa. Ya tsaya riƙe da wani wando mai ɗigar ruwa. Sai ya rataya shi, ya goge hannu a cinya, ya ƙetaro titi. Jama'a suka buɗe masa hanya.

"Ni za ka sa shaida, Bilyaminu? Shekara talatin ina wanke maka dauɗa, kat tahi ba sallama, yanzu kuma bakina kaka son ara?" Ya juya ga Murtala. "Kai kuma mai hanci. Kac ce ka san warin burukutu. To gaya wa mai unguwa inda kas san shi."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Murtala ya ce ai a Sabon Gari ya taɓa wucewa.

"Wucewa. To Allah shi sa wucewa ta. Direba, yaye wanga likkafani. Ba ni abin kwance noti."

Armiya'u ya yaye tampol. Gwadabe bai taɓa taɓa injin wanki ba a rayuwarsa, amma ya yi kusan wata biyu yana kallonsa da ido irin na maƙiyi. Ya leƙa bahon wanki, ya ƙwanƙwasa faifan da ke ƙasa, ya kwance notin tsakiya, ya ɗaga shi. Warin da ya taso ya sa na gaba suka ja da baya suna toshe hanci. Ya cusa hannu ya ciro wani abu kamar tabarma, mai yauƙi, ya ɗaga sama. Dawa ce da gero, sun kumbura, sun ruɓe, wasu sun tsira da fararen saiwoyi sun sarƙe da zare. Ya jefar a gaban mai unguwa. Ya fizge tiyon da ke fitar da ruwa, ya buga shi da ƙasa, wani damamme mai kumfa ya zubo. Inji na biyu ma haka.

"Ga giyarku nan. Gona ya shuka ciki bai sani ba."

Mai unguwa ya ce, "To ina dawa ta samu shiga inji?"

Gwadabe ya yar da tiyon. Ya taka zuwa gaban Alhaji Bilyaminu, ya zura jiƙaƙƙen hannunsa a aljihun rigar da ke jikinsa, ya juyo shi waje. Ƙwayoyin dawa suka zubo a kan takalmin Alhaji.

Wanda bai zauna da 'yan hatsi ba ba zai gane ba. Ɗan kasuwa in ya je Shinkafi ranar Alhamis, kowane buhu ya tsaya a kai sai ya ɗebi samfur, ya duba a tafin hannu, ya ciji ƙwaya ɗaya, sauran kuma ba a zubar da abinci a ƙasa, sai ya watsa a aljihu. A lokacin shuka abin ya ninka, don ga masu neman iri. Da ya dawo gida yakan juye wa kaji, amma abin da ya maƙale a ɗinki yana nan. Wanda ya shafa aljihu daga waje yana neman makulli ba zai ji shi ba. Kayan Alhaji da ƙannensa da dillalansa, mako shida, duk a cikin injin nan suka zubar da nasu.

"Aljihu ba a shahwa shi kamar kan maraya," in ji Gwadabe, yanzu da Armiya'u yake. "Juya shi akai, ka kakkaɓe, ka bi ɗinki da farce. Ko wane, ko na liman na. Wanga faifai ka cire shi duk mako ka wanke ƙarƙashi. Ka tafasa ruwa ka jefa kanwa, ka zuba, ka bar injin shi juya ba kaya, sau biyu. Tiyo ka sauke shi ƙasa ruwa shi tsiyaye duka, ba ka rataye shi da ruwa kwance ciki ba. In ka gama aiki ka bar murhi buɗe shi sha iska. Wane mahaukaci ka ruhe jiƙaƙƙen abu da tampol cikin damina? Ko tukunyar tuwo anka yi wa haka sai ta yi tsami. Hid da su rana yanzu. Wawa."

"Na gode, Baba. Allah shi..."

"Kak ka gode mini. Ka gode mini sau guda, na ga abin da ta jawo."

Ya ƙetara ya koma shanyarsa. Taro ya watse da surutu da dariya. Alhaji ya shiga mota bai kalli kowa ba. Murtala ya rufe teburinsa kwana biyu.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Armiya'u ya yi duk abin da aka ce, ya sake wanke kayan mutane ya shanya a rana, warin ya tafi. Direbobi suka koma, ƙananan 'yan kasuwa suka bi su. Wankin babbar salla, wanda a dā Gwadabe yakan yi mako biyu bai huta ba a kansa, kusan duka shagon inji ya tafi. Alhaji Bilyaminu bai yafe hannun da aka sa masa a aljihu a gaban jama'a ba. Bai sake taka gindin tsamiya ba, ya kuma hana mutanen gidansa. Kafin ƙarshen Yuli igiya ɗaya ta rage, da kayana da na wasu tsofaffi biyu a kanta.

Armiya'u ya yi ƙoƙari, wannan zan shaida. Ya aiko mai unguwa ya ce Baba ya dawo shagon ya riƙa duba kaya da guga, a zauna tare. Gwadabe ya ce a gaya masa bai tsufa da zama karen mota ba.

Bayan an girbe gero mijin Bara'atu ya zo da a-kori-kura ya ɗauke shi. Na je da safe, na tarar ana ɗora baho da dutsen guga.

"Mi kaz zo yi, Akawu? Ba ni karɓar wanki."

Na ce tambaya ɗaya na zo da ita. Ya yi shiru kwana tara yana kallon mutum yana nutsewa, ya bar matar aure ta kasa fita ƙofar gida. Da saura kalma ɗaya ya ci nasara kuma, sai ya rushe da hannunsa. Wanne ne nasa a ciki?

"Duka biyu nawa na," ya ce. "Kwana taran nan na ji daɗinsu, in kana son sani. Da sun kore shi ba su tambaye ni ba, da ko gezau. Amma a kira ni gaban jama'a a ce in shinshina riga in hwaɗi abin da ba shi na ba? Ni? A ce Gwadabe bai san warin jiƙaƙƙar dawa ba?" Ya tofar da yawu. "Matsa, kana tare hanya."

Haka muka rabu. Ban ga dalilin da zan ƙawata maganarsa ba. Bai ce tausayi ba, bai ce tsoron Allah ba, ni ma ba zan sa masa a baki ba.

Yana Banga har yanzu, a ɗakin da surukinsa ya gina masa. Hannunsa ya warke, ya yi laushi, abin da aka ce yana ba shi haushi ƙwarai. Bara'atu ta shigo Kaura asibiti a watan jiya, na tambaye ta lafiyarsa. Ta ce lafiya lau, sai dai ta hana shi zuwa bakin rijiya da safe, don matan garin sun kai ƙararsa wurin mijinta har sau biyu. Wai yakan zauna a kan kututture yana kallon wankinsu, yana faɗin abin da mazansu suka ci.